Labarin Rundunar Aleksandaroni ta Ƙasar Isra'ila

A ƙasar Isra'ila sojan da ke zaune bariki kullum ba su da yawa. Mafi yawan mayaƙan ƙasar suna gidajensu ne, wani manomi, wani malamin makaranta, wani direba, wani akawu. Yaro in ya kai shekara 18 a kan ɗauke shi soja tilas, ya yi 'yan shekarunsa ya fita, amma sunansa ba ya fita daga rajista sai ya kai wajen shekara arba'in. Kowace shekara a kan kira shi ya yi 'yan makonni yana tuna aikin bindiga, in kuwa yaƙi ya tashi sai a aika masa da takarda, ya ajiye abin da ya ke yi ya tafi inda aka ajiye masa kayansa. Waɗannan su ne sojan ko-ta-kwana. An tsara wannan hanya a 1949, aka kwaikwayi irin ta mutanen Suwizalan, har ana danganta wa babban hafsansu na lokacin, Yigael Yadin, cewa kowane ɗan ƙasa soja ne da ya tafi hutun wata goma sha ɗaya.

Cikin rundunonin ko-ta-kwana masu yaƙi a ƙasa akwai wadda a ke kira Aleksandaroni, ko kuwa Birged ta 3. Ita za mu ba da labarinta, don ta girmi ƙasar kanta da 'yan watanni, kuma akwai wani dare guda cikin tarihinta wanda har yanzu ba a gama shari'arsa ba.

Ran 29 ga Nuwamba 1947 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yanke shawara a raba Falasɗinu biyu, Yahudawa su sami kashi, Larabawa su sami kashi. Yahudawa suka yarda, Larabawa suka ce ba a raba wa baƙo gida da mai gida. Turawan Ingila, waɗanda ke riƙon ƙasar tun bayan Yaƙin Duniya na Farko, suka ce su dai za su kwashe kayansu a watan Mayu mai zuwa. Tun kafin su tashi faɗa ya kaure. Yahudawa suna da ƙungiyar mayaƙa ta ɓoye mai suna Hagana, sai ta rarraba samarinta runduna runduna, kowace da yankin da za ta tsare. Guda shida aka fara tsayarwa: Golani, da Karmeli, da Aleksandaroni, da Kiryati, da Gibati, da Eziyoni. Aleksandaroni ta sami sunanta daga wani ɗan kogi da ke zuba cikin Bahar Rum arewa da garin Netanya, wanda Larabawa ke ce wa Iskandaruna. Shugabanta na fari shi ne Dan Eben, bataliyoyinta na farko kuwa huɗu ne, daga ta 31 zuwa ta 34.

Yankin da aka ba ta shi ne filin Sharon, watau shimfiɗaɗɗiyar ƙasar bakin bahar da ke tsakanin Tel Abib da kudancin Haifa, ƙasar lambunan lemo. Duk wanda ya dubi taswira zai gane abin da ke ba shugabannin Yahudawa tsoro. A wajen Netanya, tsakanin bakin ruwa da garin Larabawa na Tulkaram bai wuce mil tara ko goma ba. Rundunar da ta gangaro daga duwatsun gabas tana iya yanke ƙasar gida biyu kafin azahar. Ga kuma ƙauyukan Larabawa birjik cikin filin, waɗansu a kan babbar hanyar mota. Saboda haka tun daga watan Afrilu 1948 aikin Aleksandaroni ya zama cin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya. Ta sa hannu a cin waɗanda ke kewaye da Yafa a ƙarshen Afrilu, ta ci Kafar Saba ran 13 ga Mayu. Inda duk ta shiga, mutanen wurin ko sun gudu tun da wuri, ko an kore su, ba a kuwa bar su sun komo ba.

Ran 14 ga Mayu aka yi shelar kafa ƙasar Isra'ila, kashegari sojan Masar da Jodan da Siriya da Iraƙi suka shigo. Bayan mako guda, daren 22 wayewar 23 ga Mayu, Bataliya ta 33 ta faɗa wa Tantura, wani ƙauyen masunta da manoma a bakin bahar kudu da Haifa, mai mutum wajen 1,500. Aka yi faɗa cikin dare, gari na wayewa ƙauyen ya faɗi. Aka ware mata da yara da tsofaffi aka kai su wani ƙauye kusa mai suna Furaidis, mazan kuwa aka tafi da su sansanin fursunonin yaƙi. Iyakar abin da rundunar ta faɗa ke nan shekara hamsin. Mai karatu ya riƙe sunan ƙauyen nan, za mu komo kansa.

Kwana biyu bayan wannan, 'yar'uwarta Bataliya ta 32 ta gamu da ranar baƙin cikinta a Laturun. Laturun wani tudu ne mai tsohon ofishin 'yan sandan Ingila, ya tsare hanyar da ta tashi daga Tel Abib zuwa Birnin Ƙudus. Sojan Jodan, waɗanda Baturen Ingila Glubb Basha ya horar, sun riga sun hau shi da igwoginsu, Yahudawan Ƙudus kuwa, wajen mutum 100,000, abinci da ruwa sun fara yanke musu. Shugaban gwamnati Dauda Ben-Guriyon ya matsa lalle a buɗe hanya ko ta halin ƙaƙa. Aka ari Bataliya ta 32 aka haɗa ta da wata sabuwar runduna wadda da yawa cikin mutanenta ba su daɗe da sauka daga jirgin ruwa ba, waɗansu ko harshen Ibrananci da a ke ba da oda da shi ba su ji. An shirya a kai hari da tsakar dare ran 25 ga Mayu, amma aka yi ta jinkiri har asuba ta kusa. Rana ta fito ta same su a fili cikin gonakin alkama, igwa na zuba daga bisa, ga zafi, ga ƙishirwa, gorunan ruwa sun ƙare. Aka kashe musu mutum fiye da 70, mafi yawa 'yan Bataliya ta 32. Cikin waɗanda suka ja ciki suka tsira akwai wani saurayi ɗan shekara 20 da harsashi ya sama a ciki, sunansa Ariyel Sharon, wanda ya zama Firayim Minista a 2001. Laturun kuwa ta zauna hannun Jodan har 1967, sai wata hanya Yahudawa suka sara ta cikin duwatsu suka kewaye ta.

A farkon watan Yuni rundunar ta kara da sojan Iraƙi a Ƙaƙun, wani ƙauye bisa tudu mai tsohuwar hasumiya ta zamanin yaƙe-yaƙen 'yan Salibi. Ta ci wurin, Iraƙawa suka yi ta kawo hari don su ƙwace, ba su iya ba. A nan ne daga baya aka gina abin tunawa da matattun rundunar.

Abin da ya auku bayan wannan ya fi ban mamaki, don bindigar Aleksandaroni kan Yahudawa 'yan'uwanta ta juya. Ban da Hagana akwai wata ƙungiyar mayaƙa mai zafin kai, Irgun, ta Menahem Begin, wadda ta yarda ta narke cikin sojan gwamnati amma ba ta gama sakin makamanta ba. Ran 20 ga Yuni, ana cikin tsagaita wuta, wani jirgin ruwa nata mai suna Altalena ya iso daga Faransa da mutum wajen 900 da bindigogi dubbai, ya tsaya a Kafar Bitkin, cikin yankin Aleksandaroni. Begin ya so a ware wa mutanensa wani kashi na makaman. Ben-Guriyon ya ce sarki biyu ba su zama gari ɗaya, soja guda ne a ƙasa, makami duk na gwamnati ne. Aka umurci Dan Eben ya kewaye bakin ruwan. Ya aika wa Begin takarda ya ba shi minti goma ya miƙa kaya. Ba a miƙa ba, aka buɗe wuta, mutane suka faɗi ta kowane gefe. Jirgin ya tsere zuwa Tel Abib, can aka harbe shi da igwa ya kama wuta ran 22 ga wata. Duka duka Irgun ta rasa mutum 16, sojan gwamnati 3. Begin ya hana mutanensa ramawa, ya jira shekara 29 kafin mulki ya zo hannunsa ta hanyar ƙuri'a.

Da faɗa ya sake tashi a watan Yuli, rundunar ta ƙwace Ra'asul Aini, inda injunan tura ruwa zuwa Ƙudus su ke, ta yi ɗauki-ba-daɗi da sojan Jodan a Ƙula, ta kuma sa hannu a cin ƙauyuka uku na kudancin Haifa, Ijzim da Jaba'a da Ainu Gazal, waɗanda aka kori mutanensu.

Ƙarshen shekara aka aika da ita kudu. A watan Oktoba sojan Isra'ila sun yanke wata rundunar Masar, mutum wajen 4,000, sun kewaye ta a ƙauyuka biyu, Faluja da Iraƙul Manshiyya. Wannan Faluja ta Falasɗinu ce, kada a haɗa ta da ta ƙasar Iraƙi. Shugaban Misirawan, Sayyid Taha, aka yi aka yi ya ba da kai, ya ƙi. Aka ɗora wa Aleksandaroni tsaron kewayen, sa'an nan aka umurce ta ta fasa shi. Daren 28 ga Disamba, cikin ruwan sama da taɓo, ta shiga Iraƙul Manshiyya, har ta ci wani sashe na ƙauyen. Da gari ya waye Misirawa suka juyo da motoci masu sulke suka datse hanyar fita. Wani kamfani na Bataliya ta 33, wanda a ke kira kamfanin masu addini don samarinsa masu kiyaye Asabar ne da dokokin Attaura, ya maƙale a ciki. Mutum 87 suka mutu ran nan, ba ta taɓa yin hasara irin wannan a yini guda ba. Cikin hafsoshin Masar da suka tsare ƙauyen akwai wani manjo mai suna Jamal Abdul Nasir. Shi da kansa ya faɗa daga baya cewa cikin ramukan Faluja ne shi da abokansa suka riƙa tunanin yadda manyan Alƙahira suka jefa su wuta ba shiri, a 1952 kuwa suka tumɓuke Sarki Faruƙu. Sai bayan da aka sa hannu a takardar sulhu a tsibirin Rodas ran 24 ga Fabrairu 1949 Misirawan suka fita, da makamansu da tutarsu. An yi alkawari a rubuce cewa talakawan ƙauyukan biyu za su zauna lafiya in sun so, amma ba a yi wata nawa ba aka takura musu har suka tashi. A wurin ne aka gina garin Kiryat Gat.

Aikinta na ƙarshe a wannan yaƙi ba a yi harbi ba. A watan Maris 1949 waɗansu mutanenta suka shiga kwale-kwale a Bahar Lut, tafkin gishirin nan da ba kifi cikinsa, suka sauka Ain Gedi suka kafa tuta.

Da yaƙi ya ƙare aka sallami mutanen, sunan da lambar suka koma cikin tsarin ko-ta-kwana, aka kuma mai da rundunar arewa. A yaƙin 1967 tana kwarin Hula, ƙarƙashin duwatsun Golan, ran 9 ga Yuni ta hau ta ci waɗansu sansanonin Siriya, irin su Dardara da Tel Hilal. Daga baya ta zama inda a ke zuba samarin da suka gama aikinsu a rundunar Golani, watau mutum ya yi ƙuruciyarsa a Golani, ya yi girmansa a Aleksandaroni, tare da abokan da suka sha wuya wuri ɗaya. Ƙarfin irin wannan runduna ke nan, mutanen sun san juna shekara da shekaru, kowa ya san matar wane da 'ya'yan wane. Amma fa sojan da ke da gemu da iyali da sana'a ba ya yin shiru kamar ɗan shekara 18. An ga haka a 2006, sa'ad da aka yi yaƙin kwana 34 da Hizbullahi a kudancin Labanan. Aka kira su, suka tarar ɗakunan ajiyar kayansu da giɓi, suka shiga Labanan abinci da ruwa ba su isa gare su kan kari, oda kuma ta safe dabam ta yamma dabam. Suna komowa gida waɗansunsu suka shiga sahun farko na masu zanga-zanga a Ƙudus, suna neman Firayim Minista Ehud Olmat da ministan tsaro da babban hafsan soja su sauka. Aka naɗa kwamitin bincike, babban hafsan, Dan Haluz, ya ajiye aiki a Janairu 2007. An sake kiran rundunar a Oktoba 2023, cikin 2024 kuma ta yi aiki a Zirin Gaza da kudancin Labanan.

To, mu koma Tantura. Bayan an kwashe mutanenta aka rushe mafi yawan gidajen, Yahudawa suka kafa ƙauyuka biyu a wurin, Nahsholim da Dor, bakin ruwan kuwa ya zama wurin shan iska da wanka. A 1964 tsofaffin sojan rundunar suka buga littafin tarihinta, suka ba da labarin daren nan kamar sauran faɗace-faɗace. Mutanen Tantura da ke warwatse a sansanonin gudun hijira, a Siriya da Yammacin Kogin Jodan, suna da nasu labarin, amma ba mai tambayarsu.

A 1998 wani dattijo Bayahude mai suna Tedi Kaz, ɗalibi a Jami'ar Haifa, ya rubuta kundin neman digiri na biyu kan ƙauyukan wannan yanki. Ya bi mutum fiye da ɗari da rikoda, Larabawa da Yahudawa, ya ɗauki maganarsu. Abin da ya fitar shi ne, bayan ƙauyen ya riga ya ba da kai, an harbe maza da samari da ba su da makami, waɗansu cikin lunguna, waɗansu an jera su rukuni rukuni kusa da maƙabarta, jimlarsu ta kai 200 ko fi. Malamansa suka ba shi maki 97 cikin ɗari. Kundin ya kwanta a laburare ba wanda ya kula, sai a Janairu 2000 jaridar Ma'arib ta buga labarin. Tsofaffin Bataliya ta 33, waɗanda a lokacin sun haura saba'in, suka ce an ɓata musu suna, su ba su san kisan gilla ba, waɗanda suka mutu wajen 70 ne kuma a bakin faɗa suka mutu. Suka kai ƙara kotun Tel Abib.

Da aka zauna shari'a a Disamba 2000, lauyan masu ƙara ya bi kaset ɗin ɗaya ɗaya, ya nuna wurare 'yan kaɗan inda abin da Kaz ya rubuta ya saɓa da abin da mai magana ya faɗa. Kaz ba shi da cikakkiyar lafiya, ga matsi daga iyali. Cikin dare, ba tare da babban lauyansa ba, ya sa hannu a takardar neman gafara, ya ce ba a yi kisan gilla ba. Kashegari ya ce ya janye sa hannun, mai shari'a ta ce bakin alƙalami ya bushe, kotun ƙoli ma ta ƙi sauraronsa. Jami'a ta dakatar da digirin. Abin lura a nan shi ne, an rufe shari'ar tun ba a kira ko mutum ɗaya daga cikin mutanen Tantura ya ba da shaida ba. Kotun ta auna amincin alƙalamin Kaz, ba ta kai ga auna abin da ya faru a ƙauyen ba. A ganina kuskuren marubuci wajen kwafe magana laifi ne da ya cancanci a tsawata masa, amma wanda duk ya taɓa aikin rajista ya san kuskure a layi shida ba ya soke littafi mai layi dubu, sai dai a sake bin sa da kyau.

Masana tarihin Isra'ila suka rabu. Ilan Pape ya tsaya bayan Kaz, har zamansa a Jami'ar Haifa ya yi tsami, daga baya ya koma Ingila da koyarwa. Yo'ab Gelba ya ce maganar baka bayan shekara hamsin ba hujja ba ce in ba takarda. Beni Moris, wanda ya fi kowa tona takardun 1948, ya tsaya tsakani: ya yarda an yi ta'asa a Tantura, an kashe mutanen da ba su da makami, amma bai gamsu da yawan da aka faɗa ba. Takardun soja na watan Yuni 1948 sun ambaci wani kabarin bai-ɗaya a ƙauyen, sai dai ba su faɗi mutum nawa ke ciki ba, ko yadda suka mutu. Rundunar ta san sunan kowane ɗaya cikin 87 ɗin da ta rasa a Iraƙul Manshiyya, da ranar haihuwarsa, da garinsu. Na Tantura ba wanda ya ƙidaya su ran da aka binne su, shi ya sa har yau a ke ja tsakanin 70 da 200.

A 2022 wani mai shirya fim Ba'isra'ile, Alon Shuwaz, ya karɓi kaset ɗin Kaz ya saurara, sa'an nan ya bi sauran tsofaffin bataliyar da kyamara, duk sun haura tasa'in. Waɗansu suka tsaya kan bakansu cewa ba abin da ya faru. Waɗansu kuwa, da tsufa ya kwance musu harshe, suka faɗi abin da ba su faɗa gaban kotu ba, wani ya ce ya ga abokinsa ya buɗe wa fursunoni wuta, wani ya ce shi ba ya kama fursuna a lokacin, wani yana faɗa yana dariyar da ba ta daɗi ba ce. A 2023 waɗansu masu bincike na wata jami'a a Landan suka gwada hotunan da jiragen sama suka ɗauka kafin 1948 da na bayanta, suka nuna wuraren da su ke zaton kaburburan ne. Ɗaya daga ciki yana ƙarƙashin filin da masu zuwa wanka bakin ruwan Dor ke ajiye motocinsu. Zuriyar mutanen ƙauyen sun roƙi a kewaye wurin a sa alama.